Fedojin da Anti Shiru Ta Danne

A gidan rediyon da take aiki, har mai gadi bai san sunanta na yanka ba. Anti Shiru kowa ke ce mata, don kalmar da take faɗa ke nan kafin ta kunna jar fitila. Ba ta ɗaga murya. Sai ta ɗaga yatsa ta bayan gilashi ta ce "Shiru," ko manaja ne ya leƙo da magana a bakinsa sai ya haɗiye abarsa.

Aikinta haɗa sauti. 'Yan wasan kwaikwayo su yi maganarsu a gaban makirufo, a kawo ƙarar ruwan sama daga wani wuri, kukan ƙofa da kiɗa daga wani wuri, ita kuma ta zauna ta ba kowanne matsayinsa, yadda mai sauraro a shago ko a kicin zai rantse a ɗaki ɗaya aka yi komai. Tun tana budurwa take wannan aiki a kan wata tsohuwar miksa mai faɗin katifa, mai jerin fedoji, 'yan maɓallan nan da ake turawa sama sauti ya ƙaru, a ja ƙasa ya ragu. Fentinsu ya goge daidai inda yatsunta suke zama. Kuma ba ta aiki da ido a buɗe. Takan shimfiɗa yatsunta a kan fedojin, ta rufe ido, ta ɗan karkatar da kai. Ko sauraro kawai take yi, ba abin da za ta taɓa, yatsun suna nan kwance a wurinsu.

Da miksar ta fara gurnani, mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai ya ce an daina ƙera kayanta. Manaja ya kawo kwamfuta, ya ce a zuba mata manhajojin haɗa sauti, ta gwada ta zaɓi wadda ta kwanta mata.

Ta farko kyakkyawa ce, launuka kamar shagon yadi. Anti Shiru ta rufe ido ta kama mawus za ta rage ƙarar ruwa, sai ta buɗe ido ta ga ta goge muryar mutum guda.

"Yatsu goma Allah ya ba ni," in ji ta, "ku ce in yi aiki da ɗaya, kamar mai sakace haƙori da tsinke?"

"Anti, duniya ta wuce nan fa," in ji manaja.

"To ta wuce lafiya, ni ina nan."

Mai sayar musu da kayan sauti ne ya raba gardamar. Ya zo da wani ɗan allo mai fedoji, ya haɗa shi da kwamfutar. Ya ce wannan ba miksa ba ce, sauti ba ya bi ta cikinsa. Ɗan aike ne kawai, abin da hannu ya yi sai ya kai wa manhaja. Sai dai ba kowace manhaja ke jin yarensa ba. Mai launukan nan, a tura feda sai ta yi jim kafin ta amsa, kamar yaron da aka tasa daga barci. Wata kuma ta fi ƙarfin kwamfutar, tana cikin aiki sai ta sandare. Wadda ta amsa nan take wata ce mai launin toka, ba ado, ba kwalliya. Anti Shiru ta rufe ido, ta ja ruwa ƙasa da hagu, ta ɗaga murya da dama a lokaci guda, ta ji abin ya bi hannunta. Ta ce ita ce wannan. Mutumin yana tattara wayoyinsa yana zuba bayani, wayarsa tana ta ƙara a aljihu. Abin da ta riƙe a ciki shi ne, yanzu duk motsin da ta yi da feda manhajar za ta haddace, ba sai ta maimaita ba.

Daga nan abubuwa suka fara ruɗe mata. A wasan da suke gabatarwa akwai wata tsohuwa da take yi wa ɗanta magana a ƙarƙashin rufin kwano ana ruwa. Anti Shiru takan janye ruwan a kowace jimlar tsohuwar, ta sake shi idan ta yi shiru. Ta gama, ta mayar farko, ta kwantar da yatsu ta rufe ido don ta ji abin da ta yi. Sai ta ji ruwa ya rufe tsohuwar ruf, kamar ba ta taɓa komai ba. Ta sake, haka. Wani lokaci kiɗa ne zai hau kan magana ya zauna. Wasu shirye-shiryen haka suka fita, don lokacin watsawa ba ya jiran kowa.

Matar da ke fitowa a tsohuwar ta tare ta a baranda. "Anti, me na yi miki kika sa ruwa ya cinye ni? Ƙanwata ta ce motsin bakina kawai ta ji."

Anti Shiru ta yi dariya, amma daga ranar ta fara zargin kunnenta. Mahaifinta, wanda ke zaune a gidanta yanzu, ya yi shekaru a injin yanka katako, kuma da haka nasa kunnen ya fara: yana jin komai, sai dai idan hayaniya ta haɗu da magana, maganar ce ke ɓacewa. Yau Baba ba ya jin ko tsawa. Idan shirinta ya zo, tafin hannu yake ɗorawa a bayan rediyo yana jin rawar akwatin.

Ba ta gaya wa kowa ba. Takan tsaya a gaban agogon falo ta saurara, ta murza yatsu kusa da kunnen hagu, sannan na dama. Duk tana ji. Amma Baba ma ya daɗe yana jin agogo. Ta yanke wa kanta cewa idan shirin wannan makon ya sake lalacewa, da ƙafarta za ta shiga ofishin manaja ta ce ya nemi wani. Ba za ta jira a faɗa mata da ladabi ba.

Ranar da ta zauna haɗa shi, ta manta kular abincinta a gida. Da rana mijinta, wanda tela ne a can bayan layinsu, ya rufe shago ya biyo ta da ita. Ta gama bi ta kan wurin ruwan nan ke nan, ta danna ta saurara, sai aka ƙwanƙwasa. Ta tashi ta bar abin yana tafiya, ta buɗe ƙofa ta karɓi kular da hannu biyu.

"Injiniya, sai an biyo ki da..."

"Shiru."

Muryar tsohuwar ce ke fitowa daga lasifika tar, kowace kalma a fili, ruwan yana ja da baya yana ba ta hanya, yana dawowa idan ta numfasa. Daidai yadda ta so shi. Tela kuwa ba sauraro yake ba, teburin ya ƙura wa ido ta saman kafaɗarta.

"Ke, akwai masu taya ki aiki a ɗakin nan ne? In koma in zo da turare?"

Ba ta kula shi ba. Ta ajiye kular, ta zauna, ta mayar farko, ta kwantar da yatsunta ta rufe ido. Ruwa ya rufe tsohuwar. Ta bari har ƙarshe, sannan ta buɗe ido a hankali.

"Ka ji ko? Daga bakin ƙofa na ji daidai, a nan kuma ban ji ta ba. Maigida, ina jin kunnen Baba na gado."

"Ni ma ban ji ta ba, kuma ni ba ɗan Baba ba ne." Ya matso ya nuna allon da haɓa. "Ai ke kika danne su. Ɗazu 'yan abubuwan nan rawa suke su kaɗai, wannan ya hau, wancan ya sauka. Kina zama kika ɗora musu hannu, suka tsaya cak. Ko keken ɗinki, idan yana jan yadi ka danne yadin, ai a wuri ɗaya zare zai taru."

Ta dube shi, ta dubi hannayenta. Ta sake kunnawa, wannan karon ta ɗaga hannayen sama kamar wadda aka kama. Fedojin ba su motsa ba, ruwan ma bai ragu ba.

Ta kira mai kayan sauti a waya. Ya saurara, sannan ya ce, "Kash. Anti, ai fedojin suna jin taɓawa. Da yatsa ya sauka a kai, manhajar za ta ɗauka gyara kike so, sai ta goge na da ta rubuta inda hannunki yake. Ai na gaya miki."

"Ba ka gaya min ba."

"To, na yi niyya."

Ya kwatanta mata yadda za ta dawo da abin da ta goge, da wani maɓalli da ake dannawa idan sauraro kawai ake so. Ta dawo da aikinta. Za ta kunna, hannayenta suka nufi allon da kansu, Tela ya yi wuf ya ɗora mata kular a cinya.

"Riƙe wannan, kar ki sake."

Ta riƙe. Karon farko a rayuwarta ta saurari aikinta da ido a buɗe. Fedojin suna hawa suna sauka ba kowa a kansu, da irin tafiyar hannunta. Ta ga na ruwan yana ɗan nutsewa tun kafin tsohuwar ta buɗe baki, daidai inda take jan numfashi. Ba ta taɓa sanin tana yin haka ba.

"Shi ya sa kike tsayuwa a gaban agogon falo?" in ji Tela.

"Ka gani ashe."

"Na ɗauka so kike in saya sabo, na yi kamar ban gani ba."

Ba ta shiga ofishin manaja ba. Maɓallin sauraron nan ta san wurinsa, amma ba ta yarda da kanta za ta riƙa tunawa ba, don hannu ya riga ya saba. Sai Tela ya ɗinka mata wani ɗan dogon matashi da ƙyallayen shagonsa, ta ajiye shi a gaban allon. Idan za ta haɗa, yatsu a kan fedoji. Idan za ta saurara, yatsu a kan matashi, ido a rufe, kai a karkace. 'Yan wasa suka sa masa suna gadon yatsu.

Da yammacin da aka watsa shirin, ta tarar da Baba a kujerarsa, tafin hannu a bayan rediyo. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗago ya yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Wannan abin naki yau yana zuwa yana komawa."

"Ruwa ne, Baba," ta ce, tana kaɗa yatsu daga sama zuwa ƙasa don ya gane.

Ya leƙa sama ta taga, ya ga rana. Ya mayar da hannunsa kan rediyon.