Masaukin Mutanen Kurfi

Ban cika shekara ashirin ba na bar Kurfi na nufi Kano da niyyar yin koli. Lokacin ba a daɗe da kawo hanyar jirgin ƙasa ba, duk wanda ya dawo daga can sai ya baje a gindin itace yana ba da labarin kantunan Turawa kamar shi ya gina su. Mahaifina fataucin hatsi yake yi tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, jakuna gaba shi baya, shekara da shekaru. Na dube shi na ce a raina ni kam ba zan tsufa a bayan jaki ba. Ban faɗa a gabansa ba, amma ya gani a fuskata. Ya ba ni ɗaya daga cikin jakunansa uku, innata ta sayar da awakinta ta ƙulle mini abin da aka samu a tsumma. Jarina ke nan.

A Kano na sami ɗaki a gidan wani tsoho marini. Kullum da safe sai in shimfiɗa tabarma a bakin kasuwa in jera allura, zare, kwalli, madubi, duwatsun wuya da ashana. Jakin kuwa na ba magina haya yana yi musu jigilar ƙasa. Allah Ya sa wa abin albarka a shekarar farko, ciniki ya buɗe, kaina ya kumbura. A nan na yi wautar da ta ɗaure ni. Maimakon in aika gida da goro da ɗan gishiri kamar kowane yaro mai hankali, sai na shiga kanti na sayi fitilar ƙwai, na ba wani mai kanwa ɗan Dutsin-Ma ya kai wa mahaifina.

Daga baya na ji yadda aka yi. Mahaifina ya rataye ta a zaure, gari ya yi ta zuwa kallo. Kafin wata ya mutu labari ya kai garuruwan maƙwabtanmu, Birchi da Wurma, cewa ɗan wane ya yi arziki a Kano. Da labarin ya ƙara tafiya sai ya zama ina da gida, har da doki.

Baƙona na farko mutumin Birchi ne da ya kawo fatun awaki. Ya tsaya a kan tabarmata ya ce, "Kai ne ɗan mai hitilag ga? To, mahaihinka ya ce in sauka wurinka." Na yi murna, wallahi na yi murna. Na share masa ɗaki, na sayo tuwo da nama. Da zai tafi na ɗauki madubi da allurai na ce ya kai wa iyali. Ban san ƙofa na buɗe wadda ba ta da ƙyaure ba.

Mu a wajenmu ba a tambayar baƙo ranar tafiyarsa. Ka ciyar da shi safe da rana da yamma, in zai tafi ka yi masa guzuri, ka haɗa masa da abin da zai nuna a gida. In kuwa baƙon daga garinku yake, to ba shi kaɗai kake ciyarwa ba, mutuncin ubanka kake ciyarwa, domin duk abin da ya gani shi zai kai gida. Da rani ya kama sai suka fara zuwa bibbiyu, uku-uku. Mai fata, mai auduga, mai neman maganin ido, har da wanda ya zo kawai don ya ga jirgi da idonsa. Ba ni da mata, komai saye nake yi a wurin mai tuwon unguwa. Kowa kuma in zai tafi sai tabarmata ta rage.

Akwai wani dattijo daga Dutsin-Ma da ya zo kwana uku ya yi arba'in. Rannan tun daga kasuwa nake shirya maganar da zan faɗa masa, na jera ta tsaf, mai ladabi amma mai kaifi. Na iso na same shi ya miƙe ƙafa a kan shimfiɗata yana sakace. Na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa, "Malam, tuwon nan yana isarka kuwa?" Ya ce a dai ƙara miya. Na fita waje na ciji yatsa don haushin kaina.

Maigidana marini yana kallon komai. Wata rana ya kira ni ya ce, "Yaro, kai ɗan koli ne ko fatoma? Masu saukar da baƙi a garin nan la'ada suke karɓa a kan kayan da baƙon ya sayar. Kai me kake karɓa?" Na ce ba komai. Ta yaya zan karɓi la'ada a hannun mutumin da ya goya ni ina yaro, ko wanda yake sahu ɗaya da mahaifina a masallaci? Ranar da na yi haka, ranar za a ce a Kurfi ɗan wane ya zama ɗan birni, ya sayar da kunya. Tsohon ya girgiza kai ya koma bakin rininsa.

Na gwada gudu. Na tashi na koma wata unguwa can nesa ban gaya wa kowa ba. Kwana uku wani mutumin Wurma ya yi sallama a ƙofar, yana faɗa wai na sa shi bulayi a gari, me ya hana in aika gida cewa na tashi. Har haƙuri na ba shi. Na tattara na koma gidan marini, tunda ko banza ya fi kusa da kasuwa.

Komawa gida kuwa ba ta taso ba. Wanda ake labarin dokinsa ba ya shiga gari da ƙafa da kwando wayam. Jari ya yi ta zagwanyewa. Don kada tabarma ta tona mini asiri sai na riƙa tara kwalayen ashana da babu komai a ciki, in jera su tuli, in ɗora masu ashana biyu ko uku a sama. Na rame, na zama mai saurin fushi. In na hango rawani irin na mutanenmu ya doso kasuwa sai gabana ya faɗi. Na tsani ƙarar muryar garinmu, ni da nake kewar garin kamar in mutu.

A rani na uku mahaifina ya zo da kansa, tare da abokan fataucinsa biyu, don su ga abin da ake faɗa. Na sayar da jakin a ranar, na sayi shinkafa da nama da sabuwar tabarma. Abokan suka ci suka yi ta sa albarka. Na ce musu gidan da nake ginawa bai ƙare ba, dokin kuma yana ƙauye wurin kiwo.

Washegari mahaifina ya bi ni kasuwa shi kaɗai, ya zauna a gefen tabarma. Ya daɗe yana kallon kayan. Sai ya miƙa hannu ya zaro kwalin ashana daga ƙasan tulin, ya kai kunne ya girgiza. Shiru. Ya zaro wani. Shiru. Ya mayar da su daidai inda suke, har ya gyara musu zama.

Ya ce, "Ina jakin?"

Na ce, "Shi kuka ci jiya, Baba."

Kunya ta rufe ni, amma a ƙarƙashinta wani sanyi na ji. Na ce shi ke nan, asiri ya tonu a gaban wanda ya dace. Yanzu zai ce in naɗe tabarma mu tafi gida. Da ya faɗa, da ko takalmi ban tsaya nema ba.

Ranar tafiyarsu na raka su har wajen ƙofar gari. Ya bar abokan suka yi gaba, ya riƙe hannuna. Idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Na ga halin da kake ciki, kuma laihina ne, ni na yi ta turo maka su. Amma ka ji, ɗana, tunda nike ba a taɓa tashi an ba ni wuri a taro ba sai da sunanka ya hito. Yanzu in na yi magana ana saurare. Kada ka dawo bana. Ka daure."

Na ce, "Baba, da me zan ciyar da su?"

Ya ce, "Wannan ka bar mani. Ba mai ji."

Na tsaya a nan har suka ɓace. Na so in yi ihu in ce ni gida nake so, amma ba a yi wa uba haka, balle uban da ya roƙe ka.

Ya cika alkawari. Duk kaka sai ga jakunansa biyu da buhunan gero, a sauke a gidan marini kamar kayan sayarwa ne. In kai wa mai tuwo ta tuƙa. Banan da ya ce ta zama shekara tara. Shi yana can yana rage wa gidansa abinci, ni ina nan bakin tabarmar da ba ta ƙaruwa, baƙi kuma ba su fasa ba. Su zauna a ɗakina su cika ciki da geron da aka noma a bayan gidajensu, su lashe hannu, su ce mini gaskiya tuwon Kano daban yake. Ni kuwa sai in ce su ƙara, akwai saura.