Gwaggo Mahganj da Furen Tudun Yamma

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Sha'aban, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Mahganj, ƙanwar mahaifina, a ɗakinta da ke Zirdan, gaɓar tekun Makran. Na Allah ne mu, kuma gare Shi muke komawa. Ina can cikin teku muna bin kifi, Gwaggo, ko da muka dawo har an rufe ki. Ko ƙasa ban samu na zuba miki ba, kuma abin yana ci mini rai.

Rabin garin nan a hannunki aka haife shi, ba ki taɓa karɓar abin da ya wuce kofin shayi ba. Shekarar da jirgin masunci Washdil ya kife da shi, ke kika kwashe marayunsa, kika rene su da busasshen kifi da dabino har suka zama mutane. Amma fa akwai faɗa! Duk wanda ya taɓa Baƙon Ruwa ya san wannan.

Haka muke kiran ɗan tsiron nan mai jan fure, wanda ni dai ban taɓa ganinsa ko'ina ba sai a tuddan rairayinmu. Irinsa yakan yi shekaru kwance a ƙasa yana jiran ruwan sama. In ruwa ya sauka, sai ya fito, ya yi fure, ya zubar da 'ya'ya, ya bushe. Dokarki guda ce: ba a tsinka sai iri ya zuba. Har yau ana ba da labarin ranar da Shambe, ƙaton mai jirgi, ya tsinko wa amaryarsa, kika bi shi da takalmi har bakin ruwa kina cewa, "Dubi gemunka, sakarai! Ka taɓa ganin an yanka akuya da ciki?"

Sai kamfanin nan ya zo. Ya cinye gaɓar gabas da katanga da titi da manyan masaukai, tuddan can suka tafi da furensu. Tudun Yamma kaɗai ya rage, shi ma aka kafa masa jajayen tutoci. Kika ɗauki sandarki kika tare wakilinsu. Ya yi murmushi ya ce, "Inna, mu rairayi kawai muke gani. In akwai fure, ki nuna wa jami'an gwamnati, sai a bar miki tudunki." Ya faɗa ne don ya san an daɗe ba a ga hadari ba. Kika ce, "To, yaro, ka riƙe maganarka. Ruwa ba naka ba ne."

Kika yi ta jira, kina ramewa, motocinsu suna ƙara matsowa. A watan jiya ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Tudun ya yi jawur. Kika sa aka ɗauke ki a kan gado aka kai ki, kika gani da idonki, kika aika birni a kira jami'an. Aka ce suna tafe. An sha faɗa mana haka ba mu ga kowa ba, shi ya sa ba wanda ya sa rai, in ban da ke.

Kika cika a daidai lokacin da furen yake tsakiyar kyaunsa. A garin nan ba ma barin sabon kabari tsirara, sai mun lulluɓe shi da ɗanyen ganye. Matan da kika karɓi haihuwarsu suka ce ganyen dabino bai isa ba. Matar Shambe ce ta faɗa tana kuka: "Furen nata ne. Gara ya kwanta a kanta da katafila ta tattake shi." Suka hau tudun da zannuwansu, suka tsinke furen, ba su bar ko ɗaya ba, maza suka kai maƙabarta. Ƙauna ce, Gwaggo, wallahi ƙauna ce. Da ina nan ma ban san ko zan iya hana su ba.

Washegari jami'an suka iso. Suka zaga tudun, suka ga rairayi da sawun ƙafa, suka shiga mota. Yanzu haka da nake wannan rubutu ina jin ƙarar katafila daga yamma, ƙofar ɗakina tana rawa.

Jiya na ziyarce ki. Furen ya bushe a kanki, amma na murza kaɗan a tafin hannu, na ga 'yan baƙaƙen ƙwayoyi. Wasu sun riga sun nuna kafin a tsinke su. Na mayar da su cikin ƙasarki. Da na juyo zan fita, sai ga jar tuta sabuwa fil a jikin katangar maƙabarta.

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa 'yarki Durnaz ta'aziyya, da jikokinki, da 'ya'yan Washdil, da duk wanda ya fara kuka a hannunki. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sanyaya zukatan matan nan da har yau ba sa iya kallon yamma. Allah Ya bar ki a makwancinki, Ya kawo ruwa kafin motocin kamfanin su iso.