Hawainiyar da Ta Riƙe Idon Goggo

Hawainiyar ba tawa ba ce tun asali. Yayana ne ya sayo ta a wani shagon dabbobi da ke gangaren titinmu a Bronx, farkon shekarun saba'in ɗin nan. Bai daɗe da ita ba ya samu makaranta can nesa da birni, ya tattara ya tafi, ya bar min ita da akwatin gilas ɗinta da gwangwanin gyaren da take ci. Ina 'yar sakandare lokacin. Baba na aikin ofis a Manhattan, Umma na gida.

Ba irin tamu ta gida ba ce. Ƙaho uku gare ta a fuska, kuma koriya ce shar. Ranar da Umma ta fara ganinta sai da ta ja da baya ta yi a'uziyya, ta ce ita a garinsu ba ta taɓa ganin hawainiya da ƙaho ba, kada wanda ya kusanto mata da ita kicin.

Da sanyi ya kama sai tausayinta ya kama mu. Baba ya ce, "Wannan 'yar Afirka ce kamar mu, sanyin garin nan kashe ta zai yi." Ya ɗauki akwatin ya ɗora a kan hitar falo, irin ta ƙarfen nan mai tururi, wadda ke ƙwanƙwasawa kamar akwai mutum a cikin bango yana neman a buɗe masa. Umma duk da tsoronta ta ba da ƙaramin kwanon sha, ta ce ba za a ajiye mai rai a gidanta babu ruwa a gabansa ba. Kullum ina cika kwanon, kullum ina tarar ya ragu, ina murna tana sha.

Cikin wannan sanyin Goggo ta sauka a filin jirgin JFK. Babbar yayar Baba ce, daga Kano, yanar ido ta rufe mata duka biyun, na daman ne kawai ke ɗan ganin haske da inuwar mutum. Likita ya ce ɗaya bayan ɗaya za a yi musu aiki, hagu tukuna. Aka yi mata shimfiɗa a falo saboda nan ya fi ɗumi. Ita da hawainiya suka zama 'yan ɗaki ɗaya.

An yi aikin hagun, ta kwana biyu a asibiti, ta dawo da bandeji. Da aka cire ba ta ga komai ba sai hazo. Likita ya ce haka abin yake, sai an gama na daman an yanka mata tabarau mai kauri sannan za ta ga amfaninsa. Goggo ta ce to. Amma daga jin "to" ɗin ka san bai kai ciki ba.

A daidai nan hawainiya ta fara canzawa. Koren ya tafi, ta koma ruwan ƙasa, daga nan ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Ta sauko daga reshenta ta kwanta a ƙasan akwatin, baki a buɗe, ba sauti. Gyaren da nake zuba mata har hawa bayanta suke yi ba ta kula su. Wasu suka tsere suka shige bayan hita, da rana tsaka sai ka ji suna kuka a cikin bango, ga dusar ƙanƙara na sauka a taga. Idanunta da suke tsaye kamar ƙananan tuluna suka faɗa ciki.

Ni da bakina na jawo maganar. Muna cin abincin rana ranar wata Asabar na ce, "Baba, ta rufe ido ɗaya fa."

Goggo ta ce, "Wanne?"

"Na hagu."

"Tun yaushe?"

"Tun dawowarki daga asibiti, ina ji."

Ta ajiye cokali. Hita ta buga sau ɗaya ta yi shiru. Goggo ta juya fuskarta wajen akwatin da ba ta iya gani, ta ce, "Abin da ke ɗaukar launin zanen mutum in ya wuce, me zai hana shi ɗaukar idonsa?"

Umma ta miƙe tsaye. Benenmu yana da wata 'yar ƙofa a baranda da ake zura shara, ta faɗa can ƙasa inda ake ƙona ta. Umma ta ce yanzun nan za ta kai ta can a huta.

"Kul!" Ban taɓa jin Goggo ta ɗaga murya haka ba. "Ki ƙona ta da idona a jikinta?"

Baba ya sassauta murya. "Haba Yaya. Wannan ai camfi ne. Dabba ce ba ta da lafiya."

"Ni na goya ka, kada ka karanta min boko. Na ba da ido ɗaya, ga inda ya tafi. Ba mai taɓa min na daman sai ta buɗe nata."

Kowa ya san Goggo in ta faɗi magana ta zauna. Ga ranar aikin daman an riga an sa, in ta wuce sai an jira dogon layi, izinin zamanta kuma ba zai kai can ba. Ko dai hawainiya ta buɗe ido, ko Goggo ta koma Kano da hazo a hagu da duhu a dama. Baba ya kalle ni ya ce, "To likita, ga marar lafiyarki nan."

Muka sa ta a kwalin takalmi, na rungume cikin kwat ɗina, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa wajen wani likitan dabbobi. Mutumin kirki ne, ya faɗa mana gaskiya karnuka da kyanwoyi ya sani. Ya ɗan tsunkuli fatar gefenta ya saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ya ce ta bushe. Ya tambaye ni tana shan ruwa? Na ce sosai ma, kullum kwanonta sai ya ragu. Ya ba mu man shafawa a ido, ya ce mu riƙa daka ɓawon ƙwai muna barbaɗa wa gyaren saboda ƙashinta. Man bai yi komai ba. Garin ƙwan kuma wa zai ci, tunda ba ta ci?

Abin da ya fi damuna a kwanakin nan shi ne idon daman hawainiyar. Duk inda Goggo ta yi yana biye da ita. In ta tashi daga kujera ya ɗago, in ta lallaba bango zuwa banɗaki ya raka ta har ƙofa, ya tsaya nan har ta fito. Ni da ke ba ta abinci ko kallo ban ishe ta ba. Na sha tsayawa tsakaninsu da gangan, sai idon ya zagaye ni.

Goggo ba ta alwala a banɗaki, ta ce santsin bahon nan zai karya ta. A falo take yi, kan 'yar kujera, da buta da daro, kusa da taga inda take ɗan jin haske. Wata rana da azahar na fito da hawainiyar zan wanke akwatin, na rasa inda zan ajiye ta, sai na ɗora ta kan fulawar Umma mai faɗin ganye da ke gefen tagar. Da ƙyar ta riƙe reshen. Goggo ta gama wanke hannu ta yarfe, kamar yadda take yi kullum. Ɗigon ruwan ya watsu kan ganyen, hasken taga ya kama shi.

Sai na ga baƙin abin nan ya motsa. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi gaba ta yi baya, ta sauke. Ta ɗaga wata. Wajen Goggo ta nufa. Kwana da kwanaki ba ta yi taku ɗaya ba, yanzu ga ta tana bin reshe, ƙahonnin nan na gaba, tana matsowa kafaɗar tsohuwa.

Goggo ta tsaya da buta a hannu, ta kira ni da sunan da ta laƙaba min. "Ke Baturiya, me ke motsi a bayana?"

Hawainiya ta iso ganyen ƙarshe, tazararta da kunnen Goggo ba ta fi tafin hannu ba. Ta buɗe baki a hankali, ta ɗora harshe kan ɗigo ɗaya. Maƙogwaronta ya motsa. Ta matsa ga na gaba.

"Ruwan alwalarki take sha, Goggo."

Goggo ta yi salati ƙasa-ƙasa. Ba ta gudu ba, ba ta ma juya ba. Can sai ta tsiyaya ruwa a tafinta ta yarfa ta bayan kafaɗa. Ta ce, "To sha. Sha ki ba ni abina."

Hawainiya ta yi mintuna tana lasar ganye. Ni kuwa ina tsaye da soso a hannu, abin ya faɗo min. Na cika kwanon nan na mayar cikin akwatin da babu kowa, na bar shi kan hita. Washegari ya ragu daidai yadda yake raguwa. Ashe zafin hita ke shanye ruwan, tun zuwanta gidanmu ba ta taɓa sa baki a kwano ba. Ita ruwan da ke zaune ba ruwa ba ne a wurinta, sai wanda ke ɗiga yana ƙyalli a ganye.

Baba ya kai labarin ofis, ya dawo yana sosa ƙeya. Wani abokin aikinsa ɗan Kenya ya ce masa masu ƙahon nan ai a kan duwatsun ƙasarsu suke, inda hazo ke kwana kan bishiya, mutane na yawo da rigar sanyi. Da ya ji inda muka ɗora ta sai ya riƙe kai. Baba ya ce, "Wai gasa ta muke yi, muna cewa gata."

A ranar muka sauke ta. Baba ya ciro ragar sauro ta tagogin bazara ya haɗa mata keji mai shan iska, muka sa fulawar Umma ciki gaba ɗaya, Umma na mita. Muka kai ɗakin yayana, muka murɗe hitar can. Fitilar karatunsa na kunna a kusurwa ɗaya, in tana son ɗumi ta je, in ba ta so ta bari. Umma ta ba ni kwalbar da take yayyafa wa kaya ruwa in za ta yi guga, ita nake cikawa da ruwa mai ɗan ɗumi ina jiƙa ganyen safe da yamma. Gyaren ma na fara ba su karas da ganye kafin su shiga bakinta. In rana ta fito sai in ɗan ɗaga gilashin taga ta sha hasken kai tsaye na ɗan lokaci.

Goggo kuma ta tattara buta da daro ta koma ɗakin. Cikin sanyin nan, sanye da ƙaton kwat ɗin Baba a kan zaninta, nan take alwala, ta yarfa wa kejin. Baba ya ce ruwan kwalba ya isa. Ta ce, "Ta sha naku ne da?"

Koren ya fara dawowa daga gefen ciki, tabo-tabo. Idanun suka ciko. Ranar da ta harba harshe ta ɗauke gyare, ihun da na yi sai da maƙwabciyarmu ta buga bango. Amma hagun yana rufe. Ranar aiki na ta matsowa, Baba ya daina cin abinci sosai, Goggo ko a jikinta.

Ana saura kwana kaɗan a yi aikin, da safe kafin makaranta, ina ɗiga mata ruwan ɗumi a kai, sai idon hagun ya kumbura ya fito waje kamar ƙwai, yana juyawa a ƙarƙashin fata. Na yi baya na kira Umma. Hawainiya ta goga shi a reshe, ta sake gogawa, wani ɗan busasshen abu ya faɗo. Idon ya koma mazauninsa. Ya buɗe.

Aka riƙo hannun Goggo aka kawo ta. Ta ce, "Ku manya kuna iya yi min ƙarya don in je. Ke Baturiya, tsakaninki da Allah, ya buɗe?"

"Ya buɗe, Goggo."

"Me take kallo da shi?"

Na duba. Idanun hawainiya kowanne harkarsa yake yi, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ba ta haɗa su wuri ɗaya sai za ta harbi abin ci. Yanzu duka biyun suna kan fuskar Goggo, ba ƙiftawa. Wannan ban faɗa ba.

Na ce, "Ke take kallo."

Goggo ta gyaɗa kai. Ta ce da Baba, "Gaya wa likitanka ina zuwa."

Ranar aikin Baba da Umma suka tafi da ita, ni aka bar ni gida da umarnin kada in bar ganye ya bushe. Wajen hantsi ina yayyafi sai idon hawainiya na dama ya rufe. Haka kawai. Na tsaya da kwalba a hannu. Na san ruwa ne ya shiga, na san wanke shi take yi, na gani da idona a na hagun. Duk da haka ban bar gaban kejin ba. Waya ta fara ƙara a falo. Ban je ba. Na ci gaba da ɗiga ruwa a kan ƙahon nan, wayar ta yi ta yi ta gaji. Sai da idon ya buɗe ya juya ya kalli taga sannan na iya fita. Da ta sake ƙara na ɗauka.

"Ina kika shiga?" in ji Baba. "An fito da ita lafiya."

Da aka yanka mata tabarau Goggo ta gani. Ta ga fuskar Umma, ta ce ta rame. Ta ga dusar ƙanƙara, ta ce ashe abin ba shi da wani kyau. Ta zura zare a allura a gabanmu don mu shaida. Na ja hannunta na ce ta zo ta ga 'yar ɗakinta, ta yi kore shar yanzu. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta juya baya.

"A'a. Ta ba ni nawa, na bar mata nata. Rufe ƙofar."

Har ta hau jirgin Kano ba ta sake taka ɗakin ba.