Kawu Dikko da Ruwan Matan Fada

Kawu Dikko ƙanen mahaifiyata ne, masunci a Argungu, ɗan masunta jikan masunta. Gajere ne baƙi, hannuwansa duk kanta. Bai taɓa tara abin duniya ba, amma tun yana saurayi bikin su, wato na kamun kifi, bai taɓa wuce shi ba, kuma sau biyu yana fitowa da giwan ruwan da sai da ƙarti uku suka kama masa. Da wannan ake girmama shi. In ya zauna a majalisa, ko masu babbar riga sai sun rage murya.

Ni na jawo masa abin da ya same shi, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Shekara guda da ba mu jiharmu ta Kebbi, na samu aikin tuƙi a wani ofis a Birnin Kebbi, aikin gwaji, ba a tabbatar da ni ba. Wata rana a ƙarshen bazara maigidana na ofis ya yi baƙi uku daga Legas, aka ce in zaga da su tare da shi su ga gari. Hadari ya kwana biyu yana haɗuwa ya ƙi zubarwa, iska ta tsaya cik, riga tana manne wa mutum a baya. Na kai su tsohon gari, na kai su fadamar Zauro suka ga shinkafa. Ba abin da ya burge su. Sai fifita suke da jarida suna tsaki, kamar ni na kunna ranar.

Da muka isa Argungu suka leƙa gidan tarihi, minti goma suka fito. Su dai masunci suke son gani cikin ruwa, irin na hoto. Maigida ya juyo ya ce ai ya ji ina da kawu masunci, in je in kira shi.

Duk ɗan Argungu ya san ba a su a kogin Matan Fada sai ranar da aka buɗe ruwan. Shekara guda ake barin kifin ya huta. Na sani sarai, amma na je.

Kawu ya saurare ni har na gama, ya ce, “Atiku, ka san ruwan ga ba a taɓa shi sai an buɗe. Mi kaka so in ce ma mutane?”

Na ce hoto ne kawai, tsayawa zai yi da homarsa ta kamun kifi da gorarsa a ɗauka. Na ce aikina yana hannun mutumin nan, na ambaci mahaifiyata, na ambaci matata Laure da ke da tsohon ciki. Ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko homa.

Ya shiga ruwa zuwa ƙugu ya tsaya. Baƙi suka ce hoton bai yi rai ba, ya tsoma ragar. Ya dube ni, ni kuwa na kau da kai. Ya tsoma. Kifin da ya yi watanni ba a tsorata shi ba ai ba ya gudu. Da ya ɗago sai ga ƙatuwar tarwaɗa tana mutsu-mutsu a ciki. Baƙi suka yi ta tafi. Ya sake ta nan take, amma akwai mutane a gaɓa, sun gani.

Kafin mu kai Birnin Kebbi dattawan masunta sun kira shi. Bai yi musu ba, bai kuma ambaci sunana ba. Suka karɓe homar, suka ce ba shi ba shiga Matan Fada. Ni kuma bayan wata biyu aka tabbatar da ni a aiki. Hoton ya fito a kalandar ofishinmu, an rubuta “Masuncin Argungu” a ƙasa, ko sunansa babu.

Ya koma kafa mali, tarkon kifi, a ƙoramun wajen Gulma, yana kamo ƙananan kifin da a da yara yake bar wa. Ya daina zama a majalisa. In na kai masa goro ya karɓa ya sa albarka ya tambayi Laure da jariri. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da bikin su ya zagayo, ni na tuƙo maigida. Muka samu wuri a gaba. Masunta dubbai sun jeru a gaɓa suna jiran a ba su izini, sai na hango Kawu cikin 'yan kallo, dab da mu, hannu a baya, ya kafa wa ruwa ido. Maigida ya ɗaga kyamara, ya sauke, ya taɓa kafaɗata. Bai ma gane shi ba.

Ya ce, “Atiku, je ka ce wa tsohon can ya matsa, yana tare mini.”

Na tashi na je na faɗa masa. Kawu ya ce, “To, ɗana,” ya matsa.