Hoton da Aka Kai wa Goggo

Har yau idan an jiƙa tsamiya a kusa da ni, tsamin ya bugi hancina, sai ɗakin baffana ya faɗo mini a rai. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a soron gidanmu na Tudun Wada, ya toshe tagarsa da baƙin bargo, a ciki yake wanke hoto. Ruwan maganin da yake tsoma takardun a ciki ne ke da wannan tsamin, har a rigarsa ana ji.

Wajen wani Kirista mutumin Kudu mai shago a Sabon Gari ya koyi sana'ar. Amma shi bai damu da masu cin ado su zauna a kujera ba. Sai ya rataya kyamara ya hau keke, ya nufi marina, ko tashar jirgin ƙasa, ko gonakin Hanwa lokacin cirar auduga, ya ɗauki mutane suna tsakiyar aikinsu, da gumi da komai.

Kakanmu malami ne, bai taɓa son wannan sana'a ba. Sharaɗinsa shi ne kada a ɗauki kowa a cikin gidansa.

Wata damina matarsa, Kaka, ta kamu da tari, ta yi ta ramewa. 'Yarta ɗaya mace, Goggo, tana aure a Kumasi, ta daɗe ba ta zo ba. Duk saƙon da fataken goro suka kai mata, jiki da sauƙi ake cewa, don haka aka saba faɗi.

Ran nan Kaka ta kira Baffa.

"Ka ɗauke ni a wannan akwatin naka, a kai wa 'yar'uwarka."

"Inna, Malam fa?"

"Ni zan gaya masa."

Ina wurin ta gaya masa, bayan ta ajiye masa fura. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Can ya ce, "Gobe da hantsi zan je gaisuwa Gyallesu. Zan jima."

Washegari an kwana ana ruwa, tsakar gida na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mahaifiyata ta fito da sabon zane da kwalli, Baffa ya roƙe ta ta mayar. Ya zaunar da Kaka a inda ta saba, bakin ƙofar ɗakinta, da mazarinta na kaɗi, alli fari fat a yatsunta. Bai ɗauka ba sai da ta manta da shi, zare ya fara tafiya.

Da hoton ya fito, mahaifiyata ta ga ƙasusuwan wuya a fili, ta ce kada a aika, zai tayar wa Goggo da hankali.

Baffa ya ce, "Yaya, abin da ke nan na ɗauka."

Kaka ta karɓa, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ashe haka na koma. A kai mata."

Kafin a gama girbin dawa Goggo ta iso, da goyo a baya. Ita ta yi jinyar uwarta har bazara, a cinyarta ta cika.

Bara jikana ya kawo mini littafi mai kauri da masu bincike suka haɗa a kan rayuwar Baffa da hotunansa. Ga marina, ga leburorin reluwe, duk babu su yanzu. A wani shafi na ga Kaka. An rubuta a ƙasa cewa wata tsohuwa ce tana kaɗi a Zariya. Ban ga laifinsu ba, ba su sami wanda zai gaya musu ko wace ce ba.

Yanzu hoto ya zama ruwan dare, yara su ɗauka su goge in bai yi kyau ba. Ni ma na kai shekarun Kaka, 'yata tana can Legas. Kullum da yamma takan kira ni ta waya, muna ganin juna. In na ce mata lafiyata ƙalau, sai ta ce, "Mama, matso wajen haske in gan ki."