Harshen da Tokiko Ta Ara wa Mai Taliya

Shimoda Katsuji ɗan masunta ne daga Otaru, wani gari na bakin teku, amma kamun kifi bai karɓe shi ba, da ya hau kwalekwalen mahaifinsa sai amai. Yana ɗan shekara goma sha tara ya sami aikin wanke tukwane a wani babban jirgin dakon kaya. Jirgin ya lalace a Genoa, wani birni na ƙasar waje, aka ce gyara zai ci wata biyu. Katsuji ya sauka neman abin sawa a baki, ya faɗa ɗakin girkin wata tsohuwa mai sayar da abinci a bakin tasha. Jirgin ya tafi ya bar shi, shi kuwa sai da ya yi shekara huɗu a gaban murhunta.

Da ya dawo gida ya kama wani ɗan shago a ƙarƙashin bene a Susukino, unguwar mashaya ta birnin Sapporo. Kanta ɗaya, kujeru tara. Yana buɗewa ƙarfe takwas na dare, ya rufe biyar na asuba. Mutanensa na gaskiya sai bayan ƙarfe biyu suke saukowa, in sun sallami nasu baƙin: matan da suka kwana zuba wa mutane giya suna dariyar dole, da makaɗa, da direbobin tasi. Su tuɓe takalma a ƙarƙashin kanta, su yi ajiyar zuciya. Ba ya tambayar kowa abin da zai ci. Wannan taliya da tafarnuwa da barkono, waccan taliya da miyar tumatir da jatan lande. Ya taɓa aure, matar ta gaji da mijin da ke barci da rana, suka rabu lafiya.

Yana da shekara hamsin da takwas, wata safiya ta hunturu, santsin ƙanƙara ya kwashe shi a matakalar shagon, ƙeyarsa ta bugu. Kwana tara ya yi a asibiti. Ranar da ya koma aiki ya watsa tafarnuwa cikin man zaitun, ya ji ƙarar soyuwarta, amma hancinsa shiru. Ya ɗebi miya ya kai baki, kamar ruwan ɗumi. Gishiri ma sai ya yi yawa ƙwarai yake jin alamarsa. Likita ya ce wataƙila abin ya dawo, wataƙila kuma shi ke nan.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da girki, hannunsa na ƙara nauyi a kan gishiri bai sani ba. Faranti suka fara dawowa da saura. Doi, direban tasi da ya yi shekaru yana cin abinci a wurin, yakan shanye kofin ruwa huɗu kafin ya tashi.

Wadda ta kasa haƙuri ita ce Tokiko, mai wata ƙaramar mashaya a hawa na uku, wadda duk unguwar ke kira Mama. Ta girme shi da shekara uku, bakinta kuwa kowa na shakkarsa. Ta ajiye cokali ta dube shi.

"Katsu-san, tekun garinku ka juye a tukunyar nan?"

"Kin sha giya da yawa ne, Mama."

"Ni mai sayar da ita? Zo ka ɗanɗana a gabana."

Ya ɗanɗana, ya ce daidai take. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ba ka ji komai ba. Wanda ya ji abin da na ji, dole fuskarsa ta motsa."

Katsuji ya kashe murhu. A tsaye, da tsumma a hannu, ya gaya wa ita da Doi duka, ya ce ƙarshen wata zai rufe.

"Ka rufe mu ci me? Doi-san, ka ji tsohon nan?"

"Ni dai ƙodata ce ke neman afuwa," in ji Doi, "amma ban ce a rufe ba."

Washegari ƙarfe shida na yamma, yana cikin haɗa miya, sai ga Tokiko ta sauko, ko kwalliya ba ta yi ba, riƙe da cokalinta. Ta ce ita ko ƙwai ba ta iya dafawa ba, amma shekara ashirin tana shan miyar nan, ta fi shi saninta. Ta kurɓa, ta lumshe ido.

"Barci take yi."

"Me ke nan kuma?"

"Ina na sani? Kai ne mai dafawa. Tashe ta."

Sai da ya yi makonni kafin ya gane yarenta. In ta ce miya na barci, gishiri ne ya gaza. In ta ce tana fushi, barkono ya wuce. In ta ce ta tsufa, ta daɗe a wuta. Ya sayi ƙaramin sikeli, ya koma auna abin da a da hannunsa ke yi da ka. Ya koyi gane tafarnuwa da ido da kunne. Doi kuma ya ɗauki nauyin kai shi kasuwar kifi bayan an tashi, ya riƙa sunkuyawa yana shinshina masa jatan lande, 'yan kasuwa na ta yi musu dariya.

Ba kullum ake rabuwa lafiya ba. Wata rana sau uku tana mayar masa da miya, ransa ya ɓaci.

"Ba laifin miya ba ne. Sigari ta gama kashe miki harshe, ke ma ba ki jin komai."

Ta ɗauki cokalinta ta haye sama. Kwana huɗu ba ta sauko ba, shi kuma ya ƙi buɗe shago, don ya rantse ba zai sake ba mutane abin da ba a ɗanɗana ba. A rana ta biyar ta dawo, fuska a murtuke, tana tauna cingam kamar da shi take faɗa. Ta kurɓa, ta ce miyar ta yi, ta fita. Doi ne ya raɗa masa dalili a hanyar kasuwa.

"Ta daina sigari. Shekara arba'in tana sha. Ta ce ƙila gaskiyarka ce, kuma in na gaya maka za ta fasa min gilashin mota."

Katsuji ya juya fuska wajen taga.

Da yamma da ta zo, ya zagayo daga bayan kanta, ya haɗa ƙafafu, ya sunkuya mata har kansa ya kusa taɓa kujera.

"Mama, ban san da wane baki..."

"Ɗaga kanka, sanƙonka na kashe min ido. Ina miyar?"

Ɗanɗanon bai dawo ba. Wani lokaci yakan ji ƙamshin lemon tsami daga nesa, sai ya ɓace. Yanzu shekararsa sittin da tara, shagon na nan, kuma yawancin masu cika kujerunsa ba su san mai girkin ya yi shekara goma sha ɗaya bai ji ɗanɗanon abincinsa ba. Bara ciwon gwiwa ya sa Tokiko ta rufe mashayarta ta koma gidan ƙanwarta a bayan gari. Katsuji ya ce ta huta haka nan, sikeli ya ishe shi. Ta ce sikeli bai san miya mai fushi ba. Doi ne ke ɗauko ta kowace yamma, su biyun su riƙo ta a matakala, tana yi musu masifa wai sun cika sauri.