Zagin da Hajiya Ta Kasa Ɗauka

Akwai wata Asabar da ko na so in manta da ita ba za ta mantu ba. A ranar ce na zagi maƙwabciyata a gaban mata fiye da goma, kuma da yardar kowa na yi, har da ita kanta. Shekaru sun wuce, amma in na tuna nakan yi 'yar dariya, daga nan kuma in yi shiru.

Maigidana ya rasu ne a gonarmu ta Kwaja, lokacin cirar gyaɗa. Da safen ranar ya ce mini kansa yana ciwo. Ina tsaye a kan suyar ƙuli-ƙuli, hayaƙi ya cika mini ido, na miƙa masa maganin ciwon kai na ce, "Kai dai ka cika raki. Gyaɗar nan ba za ta jira ka ba." Ya yi murmushi, ya hau mashin ɗinsa ya tafi. Kafin rana ta yi tsaka aka zo kirana. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe da shi ba mu sani ba. Bayan zaman shekara ashirin da uku, maganar raki ita ce ta ƙarshe da ya ji daga bakina.

Daga ranar na sami wata murya a cikin kaina, mai ƙwazon aiki. Tana riga ni tashi. In gishiri ya yi yawa a miya ta ce wawuya, in ya yi kaɗan ta ce marowaciya. Har coci take raka ni, ta zauna tana gaya mini cewa waƙar da nake rerawa ba ta wuce rufin kwano ba. Kuma duk inda ta fara, a gonar take ƙarewa.

Damina guda ta wuce ban taka gonar ba. Sau biyu ina tafiya, in na kai bakin mayo, wato rafin da ake tsallakawa, sai in juyo. Ana nan sai wan mijina ya zo gida. Ya sha ruwa, ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce, "Matarmu, ba a barin ƙasa damina biyu babu iri. In bana ma ba za ki iya ba, za mu ba wani a cikin dangi." Ba mugunta ya yi ba, haka ake yi a wurinmu. Amma gonar nan ita ce abincin yarana, kuma ruwa ya kusa sauka.

Maƙwabciyata, wadda kowa ke kira Hajiya, kakanninta daga wajen Kano suka zo, tana sayar da atamfa a kasuwa. Katanga ɗaya ce ta raba mu shekara goma sha biyar. Ita ce ta ce in bi ta wurin Sista, wata tsohuwar nas ta soja da ta yi ritaya. Lokacin da aka tura Sista aikin kiyaye zaman lafiya a waje, ta yi aiki da wasu mabiya addinin Buda, ta koyi irin zamansu na shiru da lura da numfashi. Kowace Asabar da safe tana tara mata masu hawan jini da masu yawan tunani a gindin mangwaron gidanta.

"Hajiya, wannan ba bautar gunki ba ce?" na tambaye ta.

Ta ce, "Na tambayi malaminmu. Ya ce in dai ba a yi wa kowa sujada ba, numfashi ba shi da addini."

Na ce zan tambayi matar fastonmu a ɓoye tukuna. Ban samu na tambaye ta ba, domin ranar da na je leƙawa na tarar da ita a can, a tabarmar gaba.

Sista ba ta da ƙararrawa, da ƙaramin kwanon tasa da cokali take aiki. Ranar farko da ta buga, wata dattijuwa ta gyara zama tana tsammanin kunu za a raba. Aka ce mu rufe ido mu yi shiru. To mu a wurinmu, in ka ga mata sun taru sun yi shiru, ko an yi faɗa ne ko an yi mutuwa. Shirun bai yi nisa ba wata 'yar zumuntar matan coci ta ga abin ya yi muni, ta ɗauko waƙa don ta ceci taron. Sista ta ce da muryarta ta bariki, "Mama, ajiye ta sai gobe Lahadi."

Abin da ta koya mana ba shi da yawa. Ki bi numfashinki yana shiga yana fita. In hankalinki ya gudu, ki lura ya gudu, ki dawo da shi, ban da duka. Wannan na ƙarshen na ji shi sarai, amma na ɗauka da sauran matan take.

Na zama ɗaliba mafi himma. Ina gama shara da safe sai in shimfiɗa tabarma in zauna. Numfashi biyu, hankalina ya tafi kasuwa. Muryar ta ce, "Akuya ma tana numfashi, ba wanda ya kai ta makaranta." In na tuna Sista ta hana duka, sai in zagi kaina don na zagi kaina. Cikin mako uku, ribar da na samu ita ce sabon fannin da na faɗi a ciki.

A Asabar ta huɗu Sista ta kawo wani sabon abu. Ta ce mutanen nan suna da wani zama na fatan alheri. Za ki ce a zuciyarki, "In zauna lafiya, in sami sauƙi, zuciyata ta huta." Ki fara da kanki, sannan wanda kike ƙauna, sannan wanda ba ruwanki da shi, a ƙarshe wanda ya ɓata miki rai.

Aka ɗan yi gunaguni a kan tabarmi. Wace mace ce mai tarbiyya take fara zuba wa kanta abinci? An koya mana sai maigida ya ci, baƙi sun ci, yara sun ci, sannan ki kankare ƙanzo. Na yanke a raina cewa mutanen Buda ba su san girman manya ba, kuma zan gyara musu abin ba tare da na kunyata Sista ba. Na rufe ido na fara da babban kawun mijina, na bi dangi ɗaya bayan ɗaya bisa shekaru. Na yi nisa sai na tuna na tsallake wata gwaggo mai saurin fushi. Ko da yake a zuci nake yi, ban yarda ba za ta ji labari ba, sai na koma farko. Lokacin da cokali ya daki kwano, ina kan matar ƙanen mijina da ke zaune a Betso.

Sista ta bi mu da tambaya. Hajiya ta ce ita ta yi wa kanta fatan alheri sau uku, ya karɓu nan take, barci ya ɗauke ta. Da aka zo kaina na faɗi yadda na tsara nawa. Matan suka yi ta dariya, wasu kuwa suna gyaɗa kai don su ma haka suka yi. Sista ba ta yi dariya ba.

"Maman yara, yaushe layin zai zo kanki?"

"In an gama da mutane, Sista."

"Ke ba mutum ba ce?"

Na ce, "Ban cancanta ba."

Ta dube ni kamar yadda nas ke duban ciwon da aka daɗe ana ɓoyewa da zane. Ta ce wa Hajiya ta matso ta zauna a gabana. Ta ce mini, "Abin da kike faɗa wa kanki, ki faɗa wa Hajiya shi, kamar ita ce ke. Kada ki rage komai. Ke kuma Hajiya, aikinki numfashi. Ba ramawa."

Hajiya ta gyara gyale. "Ni da nake wuni a kasuwa? Wane zagi ne ban ji ba? Ƙawata, sauke kayanki."

Na fara a hankali, don kunya. Na ce mata wawuya, wadda ba ta iya komai ba. Hajiya ta ja numfashi mai kyau, irin na nuna wa malama. Na ce mata 'ya'yanta sun yi rashin uwa tun tana da rai. Numfashin ya fara fita kamar zugazugin maƙeri, ta buɗe ido ɗaya ta rufe. Daga nan bakina ya kama hanyar da ya saba, ban ƙara jin kunya ba. Na ce, "Mutum ya ce miki kansa yana ciwo, kika fi son gyaɗa da ransa. Ke kika kashe shi. Da ke ce kika faɗi a gonar nan, da ba wanda ya yi asara."

Ban ga tashinta ba. Na dai ga gyalen ya koma ƙugu, silifas ɗinta ɗaya yana hannu.

"Ni? Ni kike gaya wa haka? Sista, ki riƙe ni, wallahi ki riƙe ni."

Matar fasto ta kama mata hannu, dattijuwar nan mai jiran kunu ta janye tabarmarta gefe. Hajiya tana tsaye tana huci, takalmi a sama, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta dube ni da kyau.

"Tsaya. Wannan shi kike faɗa wa kanki?"

"Shi ne."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar. Kullum."

Ta saki takalmin, ta zauna a ƙasa, ba ma a kan tabarma ba. Ta ce, "Ni ko minti biyu ban iya ba. Ke shekara da watanni, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu ban sani ba. Da wata ce ta faɗa miki haka a gabana, da yau 'yan sanda ne za su raba mu."

Can sai matar fasto ta ce a hankali, "Ni ko jiya na ce wa Fasto ya cika raki." Wata ta ce ita shekara talatin ke nan tana faɗa wa nata, kuma yana gida yana jiran tuwo. Aka yi dariya, ni ma na fara, sai ta juye ta zama kuka. Tun bayan jana'iza ban yi kuka a gaban mutane ba, don muryar ta ce ba ni da bakin yi.

Da na lafa, Sista ta ce, "Ba zan ce miki da ya je asibiti ranar da ya rayu ba, ba zan kuma ce da bai rayu ba. Ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba. Muryar nan ma ba ta sani ba, baki kawai ta fi ki." Sai ta tambaye ni ko a zaman makoki akwai wadda ta zo ta faɗi maganar da ba ta dace ba. Na ce akwai, gwaggon nan ce ma, ta ce ta ga ya rame, ko ba na ba shi abinci ne.

"Me kika yi mata?"

"Na ba ta ruwa, na ce na gode, a gai da gida."

"Kin ba ta ɗaki ta tare?"

"A'a."

"To haka za ki yi wa wannan. In ta zo, ki san ta zo. Kada ki kore ta, kada ki yi gardama da ita, kada kuma ki ba ta ɗaki. Ki koma kan numfashinki."

Bayan kwana tara ruwan farko ya sauka. Washegari da safe na ɗauki fartanya da irin gyaɗa na kama hanya. A bakin mayo muryar ta zo, ba ta makara ba, da maganarta ta kullum. Na tsaya na bi numfashina yana shiga yana fita, sannan na ce da ƙarfi, ban ma san da ƙarfi na faɗa ba, "Kin zo? Na gode, a gai da gida." Wani dattijo da ke tura kekensa a cikin yashi ya ce, "Za su ji, 'yata." Na tattare zanena na tsallaka.

Ciyawa ta cinye gonar. Na nemi gindin itacen da aka ce a nan aka sami maigidana ya faɗi, na zauna. Na yi zaman fatan alherin nan, kuma na fara da kaina. Na ji kamar wadda ta saci nama a tukunya kafin baƙi su ci, amma na ƙarasa. Sannan na yi wa maigidana. Na kuma gaya masa cewa da na sani da ban faɗi abin da na faɗa ba, na faɗa sau ɗaya, na tashi na kama aiki. Da rana ta ɗaga sai ga wan mijina a bakin gona. Ya tsaya yana kallona, sannan ya tuɓe rigarsa ya fara sharar ɗaya gefen.

Gonar tana hannuna har yau. Muryar ma tana zuwa, musamman lokacin cirar gyaɗa, kuma har yanzu ban iya bin numfashi goma a jere ba tare da hankalina ya leƙa kasuwa ba. Hajiya kuwa in mun yi saɓani takan ce in yi a hankali, ta san abin da ke cikin bakina.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, maganar da ba zan iya faɗa wa maƙwabciyata ba tare da ta cire takalmi ba, ba ni da izinin faɗa wa kaina ita. Na daɗe ina tsammanin zagin kaina wata hanya ce ta girmama mijina. Shekara da watanni ina yi, bai shuka masa ko ƙwayar gyaɗa ɗaya a gonarsa ba.